Ton nawa ne? Yadda na zaɓi injin faskare a Minnesota

Ranar da na tura wa Hajiyarmu hotona riƙe da gatari a bayan gida, ba ta taɓo zancen ba sai da muka gama gaisawa, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Kai yanzu duk karatun nan da aka yi, faskare ka tafi yi a Amurka?" Na ce, "Hajiya, a nan har likitoci suna yi." Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Ban ga laifinta ba. A Zariya inda na tashi, faskare aikin 'yan cirani ne. Da an gama girbi za ka gan su suna bin lungu da gatari a kafaɗa. A nuna wa mutum gungumen marke ko ƙirya a ƙofar gida, a yi ciniki, ya tuɓe riga, kafin la'asar ya mai da shi tsibi. A ba shi kuɗinsa, a haɗa masa da kwanon abinci. Na sha zama ina kallonsu ina yaro, kuma ban taɓa tunanin yadda bayansu yake kwana ba sai da na haura arba'in, a wata ƙasa, ina kwance a kan dandamali na kasa sunkuyawa in sa safa.

A 2018 muka sayi gida a wajen garin Rochester, kudu maso gabashin jihar Minnesota. Gidan ƙauye ne, da fili da 'yan bishiyoyi a baya. Bututun gas na gari bai kai wurin ba, don haka akwai wani dogon tanki a tsakar gida wanda mota ke zuwa ta cika da gas ɗin ɗumama ɗaki. A falo kuma tsohon mai gidan ya bar murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi, da bututun hayaƙinsa ya huda rufi. Mun ɗauke shi kayan ado. Uwargida har tukunyar fulawa ta ɗora a kai.

Ƙarshen Janairun 2019 ne ya sauke fulawar. Sanyin da ya sauko a makon nan ya kai digiri 28 ƙasa da sifiri a ma'aunin Amurkawa a Minneapolis, wato kusan 33 ƙasa da sifiri a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Injin ɗumama gidan ya yi ta ruri dare da rana ba hutu, allurar tanki tana sauka ina kallo. Maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga kiwon shanun madara, ya shigo da buhu biyu na busasshen itace, ya leƙa bututun, ya hura mana wuta. Cikin awa guda yara suka cire rigunan sanyi. Tun daga ranar na san itace ya shiga kasafin gidanmu.

Shekarar farko saya na yi. A nan da ma'auni ake sayar da itace, sunansa kod: jeri mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4. Akwai kuma ƙaramin ma'auni da wasu ke kira kod shi ma, alhali layi ɗaya ne tak na guntaye masu inci 16, sulusin na gaskiyar. Wanda bai tambaya ba zai biya kuɗin saniya ya tafi da maraƙi, kuma ni ban tambaya ba.

Sai itace ya zo mini har gida, tsuntsu daga sama gasasshe. Akwai wani ɗan koren ƙwaro mai sheƙi da ya shigo Amurka daga Asiya. A 2002 aka fara gano shi kusa da Detroit, a 2009 ya bayyana a St. Paul, babban birnin jiharmu. Bishiyar da suke kira ash yake kamawa. Tsutsarsa ce ke shiga ƙarƙashin ɓawo ta yi ta zana hanyoyi masu lanƙwasa har ruwa ya daina hawa sama, bishiya ta bushe a tsaye. Guda bakwai nake da su a bayan gida, kuma a bazarar 2020 babu wadda ta yi ganyen kirki. Na kira masu sare bishiya suka kayar, suka yayyanka mini guntu-guntu, na ce su bar mini kayana. Sun ma ji daɗi, domin akwai dokar hana fitar da irin wannan itace daga gundumomin da ƙwaron ya shiga. Inda ya faɗi, nan ya fi dacewa a ƙone shi.

Na sayi gatarin Fiskars mai doguwar ƙota, kuma gaskiya ash ya ruɗe ni. Itace ne mai miƙaƙƙiyar jijiya, sara ɗaya ya dare gida biyu da wata ƙara mai daɗin ji. Na riƙa jin kaina wani Gwanki. Lokacin ne na tura wa Hajiya hoton.

Dattijo ne ya kawo ƙarshen alfaharin, ba da gangan ba. Iska ta kayar masa da manyan bishiyoyi biyu a bakin gona, oak ɗaya, elm ɗaya, ya ce in ina so in kwasa. Oak shi ne marken ƙasar nan, nauyi gare shi, garwashinsa yana kwana. Elm kuwa ban san da me zan kwatanta shi ba. Jijiyoyinsa a murɗe suke, sun sarƙe da juna kamar kitso. Ka ɗaga gatari ka sauke da dukkan ƙarfinka, sai ya nutse inci ɗaya ya tsaya, kai da shi ku yi ta kokawa kafin ka zare. In ma ya dare, ba ya rabuwa, wasu zaruruwa ne ke riƙe da ɓangarorin sai ka bi su da sara. A gungume na huɗu na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana. Kwana tara ina salla a zaune.

Uwargida ta ce, "Malam, ko dai a sayi injin nan, ko a koma sayen itace. Asibitin ƙasar nan ya fi injin tsada." Magana ta ƙare.

To, a nan ne aikin ya fara, domin na ɗauka abu ne na shiga shago a fito. Na buɗe intanet na ga injinan faskare sun fi a ƙirga, kowanne da lambar ƙarfin turinsa ɓaro-ɓaro a jikinsa: ton 7, ton 22, ton 27, ton 35, ton 40. Zuciyata ta tafi kai tsaye wurin babbar lamba, kamar yadda muke yi wa janareta a gida. Mai ƙarfi ai shi ne mai kyau. Da a ce ina da kuɗin a hannu a makon nan, da na sayi ton 35 na huta. Rashin kuɗi ne ya ba ni wata uku na yin tunani.

Na fara da aro. Wani abokin aikina yana da ƙaramin inji mai amfani da lantarki, ton 6 ko 7, wanda mutum ɗaya zai iya cusawa a bayan mota. Kuɗin irinsa bai wuce dala ɗari uku da wani abu ba a lokacin. Ya gargaɗe ni da abu biyu: in sassauta wani ɗan noti na fitar da iska kafin in kunna, in kuma nemi waya mai kauri in zan ja wuta daga nesa, don yana shan amfiya 15, siririyar waya tana sa motar ta yi zafi. Injin yana da kirki. Ba hayaƙi, ba ƙara, a cikin gareji na yi aiki ana zuba dusar ƙanƙara a waje. Hannu biyu yake buƙata, ɗaya a maɓalli ɗaya a sanda, saboda haka ba yadda za a yi yatsa ya shiga tsakani. Sauran ash ɗina ƙanana ya cinye su tas. Da na ɗora masa elm mai faɗin inci 14, sai ya tura, ya yi gurnani, ya tsaya cak. Na juya gungumen, na gwada ta gefe, na gwada ta ɗaya bakin. Ya ƙi. Kuma injin a ƙasa yake, tsayinsa bai kai gwiwa ba, duk aikin a tsugune ake yi, abin da bayana ba ya so ke nan.

Ban raina shi ba. Wanda yake ƙona kod ɗaya ko biyu a shekara, itacensa kuma ƙanana ne miƙaƙƙu, to ya samu, kada ya bari kowa ya ruɗe shi. Ni kod huɗu nake ci a hunturu, kuma itacen kyauta ba ya zuwa da zaɓi. Abin da wasu suka ƙi, shi ake ba ka.

Sai na je haya. Wajen dala ɗari a wuni, aka ɗaura mini wani ƙato mai ton 35 a bayan motar Dattijo. Na ce yau elm zai san ya taɓo maza. Kuma ya sani. Babu gungumen da ya tsaya masa, har masu rassa uku a haɗe, in bai fasa ba zai yanke su yankewa. Amma wajen azahar na lura da wani abu: rabin wunin a tsaye na yi shi ina jiran inji. Ka ja sanda, ƙarfen ya taho a hankali kamar mai jin nauyin jikinsa, ya fasa, sannan ya koma a hankali. Na duba agogo, zuwa da dawowa kusan daƙiƙa 20. Ba ta da yawa a baki, amma kod ɗaya ɗaruruwan guntaye ne. Ga kuma agogon masu haya yana bina, ƙarfe biyar a mayar. Na yi ta sauri, na ƙi hutawa, na ɗaga abin da bai kamata in ɗaga ba, da daddare bayan ya sake tashi. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Haya tana yi wa wanda ya tara itacensa duka wuri guda, yana da matasa biyu masu miƙo masa. Ni nawa yana zuwa ne kaɗan-kaɗan, lokacina kuma awa biyu ne bayan aiki.

Da na kai wa Dattijo ƙorafin jinkirin, sai ya ɗauko fensir daga aljihun gaba ya ja wani kwalin taki ya ce in zo in gani. Wannan lissafin shi ne abin da ya fi amfanata a duk neman da na yi, don haka zan tsaya a kansa.

Injin faskare na haidirolik ba wani abin al'ajabi ba ne, jak ɗin ɗaga mota ne aka kwantar aka sa masa inji. Injin fetur yana juya famfo, famfo yana tura mai cikin silinda, man yana tura fistin, fistin yana tura bakin gatari cikin itace. Ƙarfin turin kuwa abu biyu ne suka haife shi: faɗin fuskar fistin, da matsin man. Silinda mai faɗin inci 4, fuskarta inci murabba'i 12 da rabi ce da ɗan ɗoriya. In famfo ya matsa mai da laba 3,000 a kan kowane inci murabba'i, ka ninka, za ka samu laba 37,700. Ton ɗin Amurka laba 2,000 ne. Ke nan ton 19 bai cika ba. Mai inci 4 da rabi zai ba ka kusan ton 24, mai inci 5 kusan ton 29 da rabi.

Na ce, "To ai na ga mai inci 4 an rubuta masa ton 25." Ya ce in mayar da lissafin baya. Kafin silinda mai inci 4 ta ba da ton 25, sai matsin ya kai kusan laba 4,000. Ko ya kai, a ƙololuwa ne, na ƙiftawar ido, ba a nan inji yake wuni ba. Ya ce shi ba ya karanta lambar da ke jikin fenti, tef yake sawa ya auna silinda.

Sai ɗaya gefen, wanda ya ba ni amsar jinkirin. Babbar silinda ta fi shan mai kafin ta cika. Mai inci 4 da tafiyar inci 24 tana ɗaukar galan ɗaya da sulusi. Famfo mai ba da galan 11 a minti zai cika ta cikin daƙiƙa 7, dawowa kuma ƙasa da 6 saboda sandar fistin ta cinye wani wuri, jimla kusan 13. Mai inci 5 tana ɗaukar galan biyu da ɗan kai. Da wannan famfon, zuwa da dawowa daƙiƙa 20 ne, daidai abin da agogona ya nuna mini. In kana son babbar silinda ta yi sauri, sai famfo mai galan 16 ko fiye, shi kuma yana son babban inji, shi kuma yana son babban aljihu. Wato ƙarfin da ka ƙara, da lokacinka ka biya shi, a kan kowane guntu, har da tara cikin goma da ba su buƙaci ƙarfin ba.

Akwai kuma wata dabara a famfon da ta sa ƙaramin inji yake abin da ya fi ƙarfinsa. Hawa biyu gare shi, kamar giyar mota. Muddin babu turjiya, yana tura mai da yawa da ƙaramin matsi, ƙarfen ya tafi da sauri. Da ya ci karo da gaɓa mai tauri, sai ya sauka giya ɗaya da kansa: mai kaɗan, matsi mai yawa. Za ka ji muryar injin ta canza, tafiyar ta ragu zuwa rarrafe, sannan itacen ya yi ƙara ya buɗe.

Kafin in yanke shawara na je na ga wani nau'in daban wurin wani mai sayar da itace a kan hanyar Winona. Nasa ba mai a ciki. Manyan fayafayan ƙarfe biyu ne masu nauyi suke juyawa, in ya ja sanda sai wani ƙarfe mai haƙora ya kama, ya harba gungumen kan gatari. Daƙiƙa biyu zuwa uku an gama, ya dawo. Na tsaya baki buɗe. Mutumin da ɗansa suna cika tirela kafin in gama shan kofi. Amma kuɗin nagarinsa ya ninka na haidirolik biyu ko fiye, ba ya miƙewa tsaye, kuma da ya ci karo da gaɓa sai ya sake bugu sau biyu ko uku. Ban da haka, na dubi saurin na dubi hannuna. Mai sana'a ne ya dace da shi. Akwai wanda ake ɗaurawa a bayan tarakta, ba ni da tarakta. Akwai kuma mai kama da ƙaton dunƙulen kusa da ke juyawa yana huda itace, wanda Dattijo ya ce ko kyauta aka ba ni kada in karɓa, don in ya kama hannun riga ba ya saki.

Na leƙa na hannu a Facebook. Na je ganin guda biyu. Na farko an riga ni. Na biyun yana da araha har ta ba ni tsoro. Na zare sandar duba mai, sai ga man ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga. Na tsuguna na hango dogon ƙarfen da gungume ke kwanciya a kai, na ga ya ɗan yi doro, an kuma yi walda a gindin farantin da ke tare itace. Mai shi ya ce tun da ya saya haka yake. Na yi masa godiya na kama hanya.

A ƙarshe abin da na rubuta a takarda na shiga shago da shi ke nan. Silinda inci 4. Famfo mai hawa biyu, galan 11 ko sama. Injin da kowane makaniken injin yankan ciyawa ya sani, irin su Honda, Kohler ko Briggs & Stratton, don in ya lalace a samu kayansa. Ya iya kwanciya ya iya miƙewa. Sannan abin da ban ga kowa ya rubuta da manyan baƙaƙe ba: tsayin gadon aikin daga ƙasa, da 'yan hannayen ƙarfe a gefe masu tare itace kada ya faɗo.

Yaron shagon ya yi iya ƙoƙarinsa ya kai ni wurin ton 35. Ya ce bambancin dala ɗari huɗu ne kawai, kuma gara ƙarfi ya yi yawa da ya gaza. Na ce na gode, na ciro tef. Ya tsaya yana kallona ina auna silinda, ina tsayawa a gefen kowane inji ina miƙa hannu kamar mai ɗora gungume, in ji inda bayana zai lanƙwasa. Wani gadonsa a ƙasan cinyata yake, wani kusa da ƙugu. Inci huɗu ne ko biyar tsakaninsu, amma wanda ya yi salla a zaune kwana tara ya san darajar inci huɗu. Na kuma duba inda injin yake zaune, domin a wasu an sa shi daidai inda guntun itace zai faɗo masa a ka, a wasu kuma taya ce take tsaye inda ƙafarka ya kamata ta tsaya. Na ɗauki mai lambar ton 25, wanda ni da kwalin taki muka san bai kai ba. Da haraji da man haidirolik, kuɗin ya haura dala 1,300 kaɗan.

A cikin akwatin katako ya zo, rabi a haɗe. Ni da babban ɗana muka yi Asabar guda muna ɗaure noti. Dogon ƙarfen sai da Dattijo ya zo muka ɗaga mu uku. Na zuba baƙin mai a inji, na zuba galan huɗu da wani abu na man haidirolik a tanki, na tayar, na tura fistin gaba da baya sau goma sha biyu ba itace, don iska ta fita daga tiyo. Man ya sauka, na ƙara. Sannan na mirgino gungumen nan na huɗu, wanda har yanzu da shaidar gatarina a kansa.

Ƙarfen ya taho da sauri, ya taɓa, muryar injin ta yi ƙasa, ya shiga rarrafe. Na ji zaruruwan suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana yaga tsohon buhu. Ya buɗe. Ɗana ya yi ihu, ni kuwa wata 'yar kunya ce ta kama ni, abin da ya kwantar da ni kwana tara an gama da shi kafin in sauke numfashi.

Miƙewa tsayen ya biya kuɗinsa a kan oak. Ɗanyen gungumen oak mai faɗin inci 24 da tsawon inci 16 ya fi buhun masara nauyi, ba mai ɗaga shi zuwa ƙugu. Sai ka zare fil ɗaya, ka tayar da dogon ƙarfen tsaye, ka mirgino gungumen bisa farantin ƙasa, ka zauna a kan wani guntun kana juya shi kana ɓantara. In ya zama kashi huɗu, ka kwantar da injin ka ci gaba a tsaye. Ban son aikin zaunen, yana cin gwiwa, amma ya fi asibiti.

Kurakurai na yi su. Wata safiya a Disamba na tayar da shi cikin tsananin sanyi na hau aiki nan take, famfo ya yi ta kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, don man ya yi kauri kamar zuma. Yanzu sai na bar shi ya ɗumama, kuma na koma faskare a kaka da farkon bazara. Na kuma bar fetur ya kwana wata biyar a tankinsa. Fetur ɗin gidajen mai a nan akwai kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol da ake yi da masara, yana jan ruwa, yana daskarewa a kafireta. Da Afrilu na ja igiya har kafaɗata ta gaji. Na kwance kafireta na wanke, tun daga nan marar etanol nake saya masa, in zan ajiye shi kuma in rufe fetur in bar shi ya shanye na ciki ya mutu da kansa.

Doka ɗaya ce ban taɓa sassautawa ba, ita ma daga Dattijo: wanda ya ɗora itace, shi ke jan sanda. Ɗana yana son ya riƙa ja ina ɗorawa, don a yi sauri. Na hana. Yawancin yatsun da injin nan ya ci, mutum biyu ne a kansa, ɗaya ya ja kafin ɗaya ya janye hannu. Gungume ta gefe ake riƙe shi, ba ta baki ba. In kuma ka ga mai yana tsattsafowa daga tiyo, kada ka shafa da hannu don neman hujin, kwali ake karawa. Man da ke ƙarƙashin irin wannan matsi yana huda fata kamar allura, ramin ɗan mitsitsi, ɓarnar a ciki.

Injin bai rage mini jira ko na kwana ɗaya ba. Fasa itace somin-taɓi ne, bushewa ita ce aikin. Ina jera shi a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, in rufe samansa kawai, gefe a buɗe iska ta ratsa. Ash shekara guda ta ishe shi. Oak sai biyu. Ina da ɗan na'ura mai ƙusa biyu da ake cakawa a sabon fashi, in ta nuna danshi ya haura kashi 20 cikin ɗari, a mayar da shi layi. Ɗanyen itace ba ya ba da zafi, sai tsaki da hayaƙi, hayaƙin kuma yana bin bututu ya daskare ya zama wani baƙin abu kamar kwalta, ranar da ya kama wuta gidan ne a hatsari. Don haka oak ɗin da na fasa a kakar 2021, sai hunturun 2023 muka ji ɗuminsa.

Yanzu injin ya zama na unguwa. Wani ɗan Somaliya da muke masallaci ɗaya ya ja shi sau biyu, na ce kada ya wuce mil 45 a awa don tayoyin ƙanana ne. Dattijo kansa, da nasa tsohon injin ya fara yoyo, nawa yake ɗauka, ya dawo da shi tanki cike da kwalin ƙwai a kan kujerar gareji.

Bara da Hajiya ta zo ganin jikoki, a watan Oktoba ne, sanyi ya fara cizo. Ta zauna kusa da murhun da mayafi biyu ta ƙi matsawa. Washegari ta fito bayan gida ta same ni ina aiki, ta tsaya daga nesa ta toshe kunne ɗaya, tana kallon gungume yana shiga yana fita biyu. Da na kashe injin ta matso ta ɗauki guntun oak ta jinjina, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa shi da wani.

Ta ce, "Wannan zai yi tuwon biki. Nawa kake biyan mai gonar?"

Na ce kyauta ne.

Ta dubi layukan itacen har bakin shinge, ta ce, "Ka ƙara fasa waɗancan, sun yi kauri. Ba za su bushe ba."